Malamar shawara a cikin wayata: abin da na gani lokacin kullen korona

Kwanakin baya wata ƙawata ta zo karɓar ɗinki, ta tambaye ni ko makarantar da 'yata ta gama tana da kyau, don tana neman inda za ta saka tata. Na fara lissafo mata gini da kuɗin zango da motar ɗaukar yara, sai na ji duk ba su ne suka zauna mini a rai ba. Abin da ya zauna mini wata hidima ce da na yi shekara biyar ina biyan kuɗinta a cikin kuɗin makaranta ban san da ita ba, sai da aka garƙame makarantar: sashen ba da shawara, wanda yara ke kira ofishin gaidans. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba kuma zan faɗi na malamar ba, domin a maganata akwai yabo akwai ƙorafi. Makarantar kuɗi ce ta je-ka-ka-dawo a nan Kano, ba ta 'ya'yan manya ba, irin wadda ɗan kasuwa da ma'aikaci ke lallaɓawa su biya.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Maigidana yana da rumfa a Kantin Kwari. 'Ya'yanmu huɗu, kuma wadda zan yi magana a kanta ita ce ta fari, ga shi sunan surukata ta ci, don haka sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Ummi ake ce mata a gida. A 2020 tana ajin ƙarshe na sakandare. Ta rubuta JAMB a watan Maris, tana jiran WAEC da aka sa za a fara a farkon Afrilu, sai aka rufe makarantu ranar 23 ga Maris. Kwana talatin aka ce da farko. Kowa ya san yadda talatin ɗin nan ta ƙare.

Wanda ba Bahaushe ba zai yi mamaki idan na ce a shekara goma sha bakwai da haihuwarta ban taɓa zama na tambaye ta abin da ke damunta ba. Kunyar ɗan fari ce, haka muka taso muka tarar. Kakarta ce abokiyar hirarta, a ɗakinta take kwana, ita ke matsa mata ƙafa, su yi ta faɗan kishiyoyi, tsohuwa ta ce yarinya ta ƙwace mata miji. Duk abin da ya kamata in sani game da Ummi, daga bakin Hajiya nake jin sa.

An sanar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka sa dokar kulle daga daren 16 ga wata. Azumi ya kama ranar 24. A cikin kwanakin farko na azumin nan Hajiya ta kwanta, zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama, kwana huɗu ta cika. Ba a yi mata gwaji ba. Lokacin ne da idan ka leƙa Facebook ba abin da za ka gani sai ta'aziyya, malamai da farfesoshi da dattawan unguwa suna ta tafiya. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a Kano a tsakanin nan, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin korona ce sanadi. Mu dai mutum ƙalilan ne suka kai ta, ba zaman makoki, gaisuwa duk ta waya.

Ummi ba ta yi kuka ba, ni kuwa a wautata na ɗauka tawakkali ne. Ta daina taɓa littafi. Da buɗe-baki ta kurɓi kunu ta ajiye. Da na tashi sahur sai in tarar da ita zaune da wayata a hannu, tana duba alƙaluman masu cutar da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ke fitarwa kowane dare, Legas kaza, Kano kaza. Na yi faɗa, na ce tana cinye mini data. Iyakar abin da na iya ke nan.

Makarantar ta riga ta buɗe zaurukan WhatsApp, ɗaya na iyaye, ɗaya na kowane aji. A na ajin su Ummi malamar shawara ta saka wani fom na Google, tambayoyi kamar goma: yaya barcinki, kina cin abinci, an yi rashi a gidanku, me ya fi damunki. Na gani na wuce. Da Turanci yake, ga shi sai an shiga intanet, na ce wannan aikin masu wuta da waifai ne. Ummi ma ba ta cike ba. Abin da ban sani ba, malamar ba waɗanda suka cike take nema ba. Waɗanda suka yi shiru take nema. Ta ɗauki rajistar aji ta cire waɗanda suka amsa, sauran ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kira. Wannan dabarar ita ce abu na farko da zan yaba, kuma har yau ina ganin amfanin fom ɗin bai wuce nan ba.

Ina kan keke wata Talata da hantsi kira ya shigo, baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum, Maman Ummi ce?"

Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, kuɗin zango na uku. Ta faɗi ko ita wace ce, ta yi mini gaisuwa da na gaya mata rashin da muka yi, ta yi wa Hajiya addu'a ba gaggawa. Sannan ta yi mini wata tambaya da ban zata ba.

"Maman Ummi, a gidan akwai wurin da za ta zauna mu yi magana ba mai ji?"

Na dubi gidan. Ɗaki biyu da falo da ɗakin marigayiya, mutum shida a kulle dare da rana. Na ce sai dai ɗakin da nake ɗinki. Ta ce to, Talata da Asabar bayan la'asar, ki ba ta wayar da ɗakin na minti ashirin, ni zan kira, ba sai kun sa kati ba. Idan kuma wani abu ya taso a tsakani, a yi mini filashin.

Da na gaya wa maigida sai ya ce, "Wace irin shawara ce ta waya? Yarinya ta yi rashi, addu'a za ta yi." Na ce, "Alhaji, ba kuɗinmu za a ci ba." Da wannan na samu ya yi shiru. Mutumin da rumfarsa ke rufe, maganar da za ta shiga kunnensa ke nan.

Kafin in shiga abin da ya yi aiki, bari in sauke wanda bai yi ba, don ba shi da tsawo. Sau biyu aka gwada taron Zoom na 'yan aji. Na kyauta ne, minti arba'in ya yanke, kuma rabin arba'in ɗin ya tafi a "kuna jina?" da "Malama murya ba ta fita". Datar dubu ɗaya da nake lallaɓawa wata guda, rana ɗaya ta yi mata gagarumin giɓi. Ga wani abu da masu shirya taron ba su hango ba: kyamara tana nuna cikin gidan mutum. Wata bayanta labule mai kyau da firji, wata bangon da ya sha hayaƙi, wata babanta ya gifta da singileti aka kwashe da dariya. Yarinyar da ke ɓoye halin gidansu tun aji ɗaya, rana ɗaya aka yaye mata zane. A taro na biyu kusan kowa ya kashe kyamara, aka zauna ana kallon baƙaƙen akwatuna. Ba a yi na uku ba. Google Classroom kuwa an turo mana lambar shiga, har aka buɗe gari ba mu shiga ba.

Kiran waya da saƙon murya, su suka ɗauki kayan. Ba kuma abin mamaki ba ne. Saƙon murya ba ya cin data sosai, ba ya neman ka iya rubutu, idan sabis ya ɗauke zai jira ya tafi daga baya, kuma yarinyar da ba za ta iya kallon idon babba ta yi magana ba, tana iya duƙar da kai a kan waya ta amayar da cikinta. Malamar ta fahimci haka. Da Hausa take magana da su, sai dai idan yarinya ce ta juya zuwa Turanci. A makaranta fa tarar naira ake cin wanda ya yi Hausa.

Makon farko Ummi ta shiga ɗakin ɗinki ta fito bayan minti biyar. Na biyu ta kai ashirin. A na uku na ji sautin kuka ta bayan ƙofa, na tsaya da ludayi a hannu, ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ƙannenta suka taso, na kora su tsakar gida.

Yanzu ga inda nake da laifi, ga kuma inda hidimar ke da ɓaraka babba. Wayar tawa ce. A cikinta kwastomomi ke turo mini samfurin ɗinki, a cikinta nake jin wa'azi, a cikinta kuma 'yata ke aje sirrinta. Wani dare ba wuta, na karɓo wayar daga wurin mai caji, na ga saƙon murya na minti huɗu da Ummi ta tura wa malama ta manta ba ta goge ba. Na san bai kamata ba. Na sa a kunne na danna.

Cewa take ita ta kashe kakarta. Ana gobe kulle na tafi da ita kasuwar 'Yankaba sayen kayan miya, ranar da duk Kano ta fito, mutum a kan mutum. Bayan kwana biyu ta yi mura. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ci gaba da kwana a ɗakin Hajiya, tana matsa mata ƙafa, suna shan ruwa a kofi ɗaya. "Malama, da na faɗa da an raba mu. Kullum na rufe ido sai in ji tarinta." Na zauna a kan kujerar keke cikin duhu har aka kira assalatu. Ni na ce ta raka ni kasuwar.

Da gari ya waye na kira malamar da katina, na faɗa mata abin da na yi. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba.

"Maman Ummi, na yi mata alkawarin abin da ta faɗa mini tsakanina da ita ne, sai dai idan ranta na cikin haɗari. Yanzu alkawarin ya karye ba da saninta ba. Ko ke ki gaya mata kin ji, ko ni in gaya mata. Amma ba zan ci gaba da sauraronta tana zaton ba wanda ya sani ba."

Na ce, "Malama, 'yar fari ce fa."

Ta ce, "Na sani. Ni ma 'yar fari ce."

Kwana biyu ina juya abin. A na uku na kira Ummi ta riƙe mini yadi ina yanka, don kada mu haɗa ido. Almakashi na tafiya na ce, "Ke, na ji saƙonki. Ni na kai ki kasuwa. In da laifi, nawa ne ya fi." Ta saki yadin. Ban san me na ƙara faɗa ba. Atamfar dai ta karkace, sai da na biya mai ita.

Daga ranar malamar ta canza tsari ga duk 'yan ajin: abin sirri a kira kawai, saƙon murya kuwa a goge shi da an tura an saurara. A lokacin WhatsApp bai kawo saƙon da ke ɓacewa da kansa ba, sai a watan Nuwamba na shekarar ya zo. To amma ina ganin tun ranar farko ya kamata makaranta ta yi wannan tunanin. Yara nawa ne a ajin ke da wayar kansu? Na mahaifiya ce, ko ta yaya, ko ta uba, wanda ya fi muni. Ni abin ya zo mini da alheri, amma ba don tsarin ya yi kyau ba. Da a wani gidan ne, da wani sirrin ne, da an kwana ana duka.

Abin da ta yi da maganar Ummi ya burge ni, domin ba ta yi mata ƙarya ba. Ni da cewa zan yi, wallahi ba ke ba ce. Ita kuwa ce mata ta yi ba wanda zai iya sanin ta inda ciwo ya shigo, cutar ta riga ta gama gari, Alhaji yana kasuwa har ranar ƙarshe, maƙwabta na shigowa gaida tsohuwa, kuma mutum na iya ɗauke da ita bai ko yi atishawa ba. Ta ce wanda ya yi jinya da hannunsa ba shi ne mai kisa ba. Sannan ta ba ta aiki: ta dama irin kunun tsamiyar da Hajiya ke so, ta aika wa maƙwabta da buɗe-baki sadaka ga marigayiya, ta kuma samu tsohon littafi ta rubuta duk karin maganar da ta taɓa ji a bakinta. Littafin yana nan, ya kusa cika. Ta hana ta duba alƙaluman dare, ta ce wayar ta kwana a ɗakina. Ta tsara mata karatu kaɗan-kaɗan, rabin awa bayan asuba, sai darussan da ake sakawa a rediyo, ba ta ce ta dawo da awa shida rana ɗaya ba.

Ta kuma san iyakarta. Ummi ta gaya mini daga baya cewa malamar ta tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Ni da na ji sai da tsigar jikina ta tashi, na ce wannan ba sa wa yaro tunani ba ne? Malamar ta ce mini tambaya ba ta shuka abin da babu, rashin tambayar ne ke barin yaro shi kaɗai da shi. Ta ce idan mako biyu suka wuce barci da cin abinci ba su dawo ba, likita za mu gani, don ita ba likita ba ce. Ta san mutanenmu, da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, don haka ta zauna ta yi mini bayani cewa ganin likita ba hauka ba ne. Allah Ya taimake mu ba mu kai ga haka ba. Kafin ƙaramar salla barci ya fara dawowa.

Zauren iyaye kuwa, Allah Ya kyauta. Wannan ya turo cewa tafarnuwa da lemon tsami na kashe cutar, wancan ya ce turakun 5G ne, wani ya ce babu korona, wata ta saka tallan turaren wuta. Ana cikin haka sanarwar makaranta ta nutse. Sai da malamar ta rufe zauren, ita da shugabar makaranta kaɗai ke iya rubutu, a buɗe shi awa ɗaya da daddare. An yi gunaguni, ni dai na ji daɗi. Amma ita ma ta yi nata kuskuren a farkon lamari: ta saka sunayen yaran da take son magana da su a zauren aji, ta ce su neme ta. Niyyarta alheri, sai yara suka mai da shi jerin masu matsala. Wata yarinya ta fita daga zauren ba ta dawo ba. An goge saƙon, amma an riga an gani.

Sauran ƙorafina ba nata ba ne, na makarantar ne. Malama ɗaya ce ga yara ɗaruruwa, don haka 'yan ajin jarrabawa suka cinye lokacinta. Ɗana na biyu yana ƙaramar sakandare a makarantar, shi ma kakarsa ce ta rasu, ba wanda ya kira shi ko sau ɗaya. Ko da an kira ma, ba na jin zai buɗe wa mace cikinsa, kuma babu namiji a sashen. Watannin nan a bakin titi ya yi su, ƙwallo da yawon banza, da aka koma makaranta a Oktoba sai da ya sake koyon zama a aji. 'Yar maƙwabciyata kuma, ajinsu ɗaya da Ummi, gidansu ƙaramar waya ce rakani-kashi, ba WhatsApp. Ta yi wata guda ba ta san ana wani fom ko wani zaure ba, sai da Ummi ta kai lambarsu. Sannan aka turo mana takardar wani kuɗi wai na karatun onlayin. Na biya rabi da ƙyar, na ɗauka a ciki ake saya wa malamar kati. Daga baya na ji ashe albashinta ma ba cikakke take samu ba, kamar yawancin malaman makarantun kuɗi a watannin nan, kuma katin da take kiran 'ya'yanmu da shi daga jakarta yake fita. Wannan ya tsaya mini a wuya har yau. Makaranta ta sha yabo a kan hidimar da ba ita ta ɗauki nauyinta ba.

Ranar da na tabbatar da darajar samun mutum a ƙarshen layi ita ce 8 ga Yuli. Kwana biyu kafin nan ƙaramin ministan ilimi Emeka Nwajiuba ya ce za a fara WAEC ranar 4 ga Agusta. Yara suka zabura, Ummi ta manna jadawali a bangon ɗakin ɗinki. Sai ga minista Adamu Adamu ya fito ya ce ba za a buɗe makarantun tarayya don jarrabawar ba, ya kuma roƙi jihohi su sake tunani. Zauren aji ya kama da wuta. Wata ta ce shekara ta tafi, wata ta ce babanta ya ce in ba jarrabawa aure za a yi. Ummi ta ɓalle jadawalin ta cukuikuye. Wajen ƙarfe tara na dare malamar ta saka saƙon murya na minti uku. Ba ta ce za a yi ba, ba ta ce ba za a yi ba. Ta ce abin da aka sani kaza ne, abin da ba a sani ba kaza ne, WAEC ta ƙasashe biyar ce ba ta Najeriya kaɗai ba, ana kan magana, ga NECO kuma a gaba ko da wannan ta kuɓuce. Ta ce gobe bayan asuba kowa ta yi tambaya biyar na lissafi ta ɗauki hoto ta turo. Da safe na ga jadawalin a bango, an miƙe shi da dutsen guga.

Wadda aka yi wa zancen aure, na ji malamar ta yi ta kiran mahaifinta, ba ta ce masa kada ya yi ba, ta dai roƙe shi a bari yarinya ta rubuta jarrabawar da ya riga ya biya wa kuɗi. Ta rubuta.

A ƙarshen Yuli aka tsayar da magana, aka fara WAEC ranar 17 ga Agusta da lissafi, da takunkumi a fuska da bokitin wanke hannu a ƙofa. Sakamako ya fito farkon Nuwamba, Ummi ta samu abin da ake nema har da Turanci da lissafi. Likita take son zama, makinta na JAMB bai kai ba. A nan ma ta WhatsApp aka yi aikin: malamar ta riƙa turo mata hoton shafi bayan shafi, ga yadda ake canza kwas, ga darussan da kowane kwas ke nema, ga abin da za a tarar a wurin aiki bayan an gama. Ba ta zaɓa mata ba, ko da yake ni na so ta zaɓa, don na gaji. Ga yajin aikin malaman jami'a na ASUU da aka fara tun Maris bai ƙare ba sai 23 ga Disamba, jira a kan jira. A duk tsawon nan, yarinyar da ta riga ta bar makarantar, wadda ba a karɓar ko sisi a kanta, idan ta yi filashin ana kiranta.

Don haka na ce wa ƙawata, makarantar ba laifi, amma kafin ki biya kuɗin fom ki nemi ganin mai ba da shawara ido da ido. Ki tambaya su nawa ne, da namiji a ciki ko babu. Ki tambaya idan yaro ya faɗi sirri a wayar uwarsa yaya suke yi da shi, da wanda gidansu ba babbar waya. Ki tambaya wa ke sayen kati. Idan suka fara nuna miki kwamfutoci da sunayen manhajoji, ki ce kin gani, ki maimaita tambayarki. Ita malamar, in maki ake bayarwa, tara cikin goma zan ba ta, ɗayan na cire ne saboda jerin sunayen nan. Makarantar kuwa biyar, kuma da sassauci.

Ban taɓa ganin fuskarta ba sai bayan an buɗe gari. Ana saura mako biyu babbar salla na ce ta turo mini awonta, ta ƙi, na sa Ummi ta matsa mata. A saƙon murya ta turo, tana dariya, ta ce da igiyar caja ta auna ta ɗora a kan rula. Na ɗinka mata doguwar riga a shadda ruwan toka, Ummi ta yi aikin wuyan da hannunta, na ba ɗan adaidaita ya kai. Da muka haɗu ranar karɓar sakamako ita ce a jikinta. Ashe 'yar ƙaramar mace ce, hannun rigar ya zarce mata da kusan inci biyu, ta naɗe shi ciki. Na ce ta kawo in rage, ta ce in bar mata abinta.